TARIHI: Zaksis, sarkin Farisa da ya gina Ƙofar Dukkan Al'ummai, aka bi shi ɗakin barcinsa aka kashe

A lardin Fars na ƙasar Iran, kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da birnin Shiraz, akwai wani makeken dandamali na dutse a gindin tsauni, wanda girmansa ya kai murabba'in mita 125,000. A kansa ne sarakunan Farisa na dā suka gina fadar da suke kira Parsa. Girkawa sun kira ta Persepolis, wato birnin Farisawa, mutanen Iran na yau kuma suna ce mata Takht-e Jamshid. Duk wanda ya hau matakalar dandamalin, abin da zai fara tararwa shi ne manyan bijimai biyu na dutse, suna tsaye dama da hagu a bakin wani zaure da rufinsa da bangonsa suka daɗe da zubewa.

Wannan shi ne abin da ya rage na Ƙofar Dukkan Al'ummai. Mai ginin da kansa ne ya raɗa mata sunan, ya kuma sa aka sassaƙa shi a jikin dutsen cikin harsuna uku. Sunansa a harshensu Hashayarsha, ma'ana mai mulkin jarumai. Littattafan Turawa suna rubuta shi Xerxes, a furta Zaksis. Ya yi mulki daga shekarar 486 zuwa 465 kafin Miladiyya, a kan daular da ta miƙe daga kogin Indus zuwa Masar, daga tsakiyar Asiya zuwa gaɓar Turai. A zamaninsa babu wani mai mulki a doron ƙasa da ke da talakawa kamar nasa.

Shaidu iri uku ne suka rage a kan rayuwarsa. Akwai duwatsun da ya sa aka rubuta, waɗanda ba su faɗin komai sai abin da fada ke so a ji. Akwai littattafan Girkawa, mutanen da ya kai wa yaƙi ya ƙona musu birni. Sannan akwai ƙananan allunan yumɓu da ma'aikatan baitulmalinsa suka rubuta lissafin yau da kullum a kansu, ba tare da tunanin wani zai karanta su bayan shekara fiye da 2,400 ba. Sai an jera ukun ne ake iya hango mutumin.

Ɗan Atosa

Mahaifinsa Dariyus bai gaji sarauta daga ubansa ba. A shekarar 522 kafin Miladiyya shi da wasu manyan Farisawa shida suka kashe mutumin da ke kan gadon mulki. Dariyus ya rubuta a dutsen Behistun cewa wanda suka kashe ɗan sojan gona ne da ke iƙirarin shi ne Bardiya ɗan Sairus, wanda ya kafa daular. Masana tarihi da dama suna zargin cewa Bardiya na gaskiya ne aka kashe. Ko ma yaya ne, sabon sarkin yana buƙatar abin da zai ɗaure shi da gidan Sairus, saboda haka ya auri Atosa, 'yar Sairus. Ita ce ta haifi Zaksis wajen shekarar 518.

Zaksis ba shi ne babban ɗan Dariyus ba. Akwai Artobazanis, wanda wata matar ta haifa tun kafin Dariyus ya zama sarki. Marubucin tarihin nan na Girka, Hirodotus, ya ruwaito cewa 'yan'uwan biyu sun yi jayayya: babban ya dogara da girman shekaru, ƙaramin ya dogara da cewa shi jikan Sairus ne kuma an haife shi uban yana kan mulki. Hirodotus ya ƙara da nasa ra'ayin, cewa ko babu wannan hujja Zaksis ne zai samu, domin Atosa ce ke riƙe da fada.

Shi kansa Zaksis bai ɓoye cewa akwai masu neman kujerar ba. A wani rubutu da aka tono a Parsa ya ambaci cewa Dariyus yana da wasu 'ya'ya, amma bisa nufin Ahuramazda, ubangijin da suke bauta wa, uban ya ɗaukaka shi a kansu. Dariyus ya rasu a ƙarshen shekarar 486, Zaksis ya hau mulki yana da shekara kamar 32.

Inuwar uban ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Rubuce-rubucensa kusan kwafin na Dariyus ne, kalma bayan kalma. A wani dutse da ke birnin Van na Turkiyya ta yau, Dariyus ya sa an share wuri domin rubutu amma bai rubuta komai ba. Zaksis ne ya zo ya cike gurbin, ya kuma bayyana a ciki cewa aikin da uban ya bari ne ya ƙarasa.

Masar da Babila

Ya karɓi daula tana hayaƙi. Masar ta yi tawaye tun kafin Dariyus ya rasu. Zaksis ya murƙushe boren, ya naɗa ƙanensa Akimenis gwamnan ƙasar. Hirodotus ya ce daga nan Masarawa suka shiga ƙuncin da ya fi na zamanin Dariyus.

A shekarar 484 Babila ta bi sahu, inda mutane biyu, Bel-shimanni da Shamash-eriba, kowannensu ya ayyana kansa sarki. Cikin 'yan watanni aka gama da su. Marubutan Girka na baya sun ce Zaksis ya rushe gidajen bautar Babila, batun da masana na zamani ke jayayya a kai. Amma akwai wata shaida da ba ta da hayaniya. Manyan iyalan da ke riƙe da muƙaman gidajen bauta a Babila da Borsippa da Sippar sun saba ajiye lissafin filayensu da basussukansu a kan allunan yumɓu, tsara bayan tsara. A shekarar 484 da yawa daga cikin waɗannan rumbunan bayanai suka tsaya cak a lokaci guda, yayin da na iyalan da ke ɗasawa da Farisawa suka ci gaba. Abin da masana suka fahimta shi ne an tsige masu faɗa a jin da suka goyi bayan tawaye, an maye gurbinsu da masu biyayya.

Wani rubutun nasa da aka samu a Parsa ya jera ƙasashen da ke kawo masa haraji, sannan ya ce a cikinsu akwai inda ake bauta wa miyagun alloli, shi kuma ya rushe wurin bautar ya haramta ta. Rubutun bai ambaci sunan ƙasar ba. Wannan mutumin ne ya gina ƙofar da ke yi wa kowace al'umma maraba.

Abin da baƙo ke gani

An tsara hanyar shiga Parsa ne domin ta yi aiki a zuciyar mai zuwa. Matakala biyu ne ke hawa dandamalin, kowace da taki 111, kowane taki tsayinsa bai wuce santimita 10 ba. Mutum ba ya iya hawa irin wannan matakala da gaggawa. Dole ya tafi a hankali, cikin natsuwa, yana kallon bijiman da ke jiransa a sama.

Zauren kansa murabba'i ne, kowane gefe kimanin mita 25. Ginshiƙai huɗu masu tsayin sama da mita 16 ne ke ɗauke da rufin. Ƙofofinsa uku. Ta yamma, inda ake shigowa, bijimai biyu ke gadinta. Ta gabas kuma wasu halittu ne masu jikin sa da fikafikan gaggafa da kan mutum mai gemu, irin waɗanda sarakunan Assuriya ke ajiyewa a ƙofofin fadojinsu tun kafin Farisawa su yi ƙarfi. Ta kudu ita ce mafi faɗi, tana fuskantar Apadana, babban zauren taro mai ginshiƙai 72, wanda Dariyus ya fara Zaksis ya kammala. A jikin bangon zauren ƙofar akwai dakali na dutse inda baƙi ke zaman jiran a ba su izini.

A saman kowace dabba an sassaƙa saƙo guda cikin Farisanci na dā da harshen Elam da na Babila. Saƙon ya fara da yabon Ahuramazda a matsayin mahaliccin ƙasa da sama da ɗan Adam, wanda ya naɗa Zaksis sarki ɗaya bisa masu yawa. Sai ya bayyana cewa Zaksis ne ya gina wannan ƙofa, kuma shi da mahaifinsa sun yi wasu kyawawan gine-gine masu yawa a Parsa. An yi rubutun can sama, da baƙaƙe masu kama da ƙusoshi waɗanda marubutan fada kaɗai suka iya karantawa. Ga jakadan da ya yi watanni a hanya, girman duwatsun da tsawon jiran su ne suka isar da saƙon.

A jikin matakalar Apadana kuwa an sassaƙa tawagogi 23 suna kawo gaisuwa. Mutanen Elam suna jan zakanya da 'ya'yanta. Babilawa suna kora sa mai tozo. Mutanen Baktiriya sun zo da raƙumi mai tozo biyu, Larabawa da mai tozo ɗaya. Mutanen Lidiya suna ɗauke da kwanonin ado, mutanen Kush daga yankin Sudan ta yau suna ɗauke da hauren giwa. Kowace tawaga da bafaden da ya riƙe hannun jagoranta yana yi masa ja-gaba. Babu sarƙa, babu bulala, babu wanda aka taka wa wuya. Sarakunan Assuriya sun cika bangon fadojinsu da hotunan yanka da feɗe fursunoni. Na Farisa suka zaɓi nuna duniyar da kowa ya zo da kyautarsa bisa son ransa. Wasu masana suna ganin zanen yana nuna bikin sabuwar shekara ne, wasu kuma suna ganin hoton daular ce kamar yadda fada ke son a gan ta.

Lissafin harajin ya ba da wani labari. Hirodotus ya jera larduna 20 da Dariyus ya tsara, da abin da kowanne ke biya duk shekara. Ma'aunin shi ne talanti, wanda nauyinsa ke tsakanin kilo 26 zuwa 30. Masar tana biyan talanti 700 na azurfa. Indiya tana biyan talanti 360 na garin zinariya. Babila da Assuriya suna biyan talanti 1,000 na azurfa, haɗe da yara maza 500 da aka dandaƙe domin hidimar fada. Mutanen Kush suna kawo ɗanyen zinariya da gungumen baƙin katako 200 da hauren giwa 20 da yara maza biyar. Farisawa su kaɗai ne ba sa biyan haraji. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan yara a jikin matakalar.

Yaƙin Girka

Rikici da Girkawa ma gadonsa ya yi. A shekarar 498 mutanen Atina sun taimaka wa Girkawan gaɓar Asiya da suka yi wa Farisa tawaye, har aka ƙona birnin Sardis. A 490 Dariyus ya aika rundunar ramuwa, aka fatattake ta a Maraton. Hirodotus ya ce da farko Zaksis bai damu da Girka ba, ɗan gwaggonsa Mardoniyus ne ya yi ta zuga shi, yayin da baffansa Artabanus ya gargaɗe shi cewa ƙasa da teku za su zame masa abokan gaba, domin babu tashar da za ta ɗauki jiragensa, babu gonar da za ta ciyar da sojojinsa.

An yi shekaru ana shiri. An haƙa hanyar ruwa mai tsawon kimanin kilomita biyu a zirin ƙasar Atos, domin jirage su kauce wa tsinin da guguwa ta halaka rundunar Farisa a 492. Binciken da aka yi a wurin a shekarun 1990 ya tabbatar da cewa an haƙa ta. An kuma shimfiɗa gada biyu a mashigin ruwan da ya raba Asiya da Turai, wanda yau ake kira Dardanel. Da guguwa ta wargaza na farko, Hirodotus ya ce sarkin ya sa an yi wa tekun bulala 300, an kuma fille kan masu ginin. Na biyu an yi su ne da jirage 674 da aka jera aka ɗaure da igiyoyi.

A bazarar 480 rundunar ta tsallaka. Hirodotus ya ce sojojin ƙasa sun kai 1,700,000, jiragen yaƙi kuma 1,207. Masana na zamani sun rage adadin sojojin matuƙa. Abin lura shi ne waɗanda ke cikinta: Indiyawa cikin tufafin auduga, Larabawa a kan raƙuma, mutanen Kush sanye da fatun damisa da na zaki, Masarawa da Finikiyawa a cikin jirage. Al'umman da aka zana suna kawo kyauta su ne aka tara domin yaƙin da ba nasu ba. Wani attajirin Lidiya mai suna Pitiyus, wanda ya taɓa miƙa wa sarkin dukiyarsa, ya roƙi a bar masa babban ɗansa cikin 'ya'yansa biyar da aka ɗauka. Hirodotus ya ce an raba ɗan gida biyu, aka ajiye rabi a kowane gefen hanya, rundunar ta bi ta tsakiya.

Girkawa ba su haɗa kai ba. Tibis da Tesaliya sun bi Farisa, sarkin Makidoniya ma yana ƙarƙashinta. Birane 31 ne aka rubuta sunansu a ginshiƙin tagulla da masu nasara suka kafa bayan yaƙin, wanda yanzu yake Istanbul. A Tamofili, wani ƙunƙuntaccen mashigi tsakanin dutse da teku, Sarki Liyonidas na Sparta ya tare hanya kwana biyu, har sai da wani ɗan yankin mai suna Efiyaltis ya nuna wa Farisawa wata ɓarauniyar hanya ta kan dutse. Da ɗan gari akan ci gari. A rana ta uku aka kashe Liyonidas da mutanensa 300 da 'yan birnin Tespiya 700 da suka ƙi gudu. Zaksis ya rasa 'yan'uwansa biyu a wurin, ya sa aka sare kan Liyonidas aka kafa a sanda.

Ya shiga Atina ya tarar mutanenta sun kwashe, ya ƙona gidajen bautar da ke kan tudun birnin. A watan Satumba, jagoran Atina Temistokilis ya yaudare shi ya tura jiragensa cikin matsattsen ruwan Salamis, inda yawansu ya zame musu cikas. Sarkin yana zaune a kan tudu, marubutansa a gefensa suna rubuta sunayen jarumai da ragwaye, ya kalli yadda aka farfasa rundunarsa. Wani ɗan'uwansa ya sake mutuwa a nan. Ya koma Asiya ya bar Mardoniyus, wanda aka kashe a yaƙin Palatiya a shekarar 479. A wannan shekara aka ƙona ragowar jiragen Farisa a Mikale.

A shekarar 472 marubucin wasan kwaikwayo Eskilus, wanda shi ma ya yi yaƙin, ya nuna wasansa mai suna Farisawa a Atina, inda Zaksis ya fito a matsayin matashi mai girman kai da ya dawo gida cikin tsummoki. Wannan hoton ne ya bi ƙarni bayan ƙarni har zuwa fim ɗin 300 na shekarar 2007, wanda hukumomin Iran suka yi tir da shi. A ɓangaren Farisa kuwa, babu wani rubutun Zaksis da aka samu da ya ambaci Salamis ko Palatiya. A iya cewa fada ta ɗauki abin a matsayin koma-baya a bakin iyaka: an kashe sarkin Sparta, an ƙona Atina, daular kuma ta ci gaba da tsayuwa shekara 150 bayan haka. Duk da haka an rasa biranen gaɓar Asiya da dubban rayuka, kuma duwatsun ba su lissafa ko ɗaya ba.

Shekara 14 na gini

Bayan yaƙin Zaksis ya ƙara shekara 14 a kan mulki, shekarun da Girkawa ba su ce komai sosai a kansu ba sai labarin mata. Shaidarsu tana Parsa. Ya gina fadarsa a wuri mafi tudu a dandamalin, ya gina rukunin ɗakunan da masu tono suka kira gidan mata, ya kuma aza harsashin zaure mai ginshiƙai 100 wanda ɗansa ya ƙarasa.

A shekarun 1930 masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Chicago, ƙarƙashin Ernst Herzfeld sannan Erich Schmidt, suka tono dubban allunan yumɓu a wurin, mafi yawansu da harshen Elam. Rukuni na farko na zamanin Dariyus ne, yana lissafa sha'ir da giyar inabi da tumaki da ake raba wa ma'aikata da matafiya. A ciki an ga mata suna shugabantar ƙungiyoyin ma'aikata, an ga ana ba mai jego ƙarin abinci, wadda ta haifi namiji tana samun ninkin wadda ta haifi mace. Rukuni na biyu, wanda aka samu a baitulmali, ya shafi shekarun 492 zuwa 458, kuma yana nuna ana biyan ma'aikata azurfa a madadin wani ɓangare na abincinsu.

Allunan sun ambaci Masarawa da Suriyawa da Girkawan gaɓar Asiya da mutanen Kariya cikin masu sassaƙa dutse da itace da maƙeran zinariya. Saboda haka dukkan al'ummai sun hallara a Parsa da gaske, da guduma da kurfi a hannu. Ana ciyar da su ana biyansu, abin da wasu ke kafa hujja da shi cewa ba bayi suka gina fadar ba. Amma masana da dama suna ganin da yawa daga cikinsu mutane ne da aka kwaso daga ƙasashen da aka ci da yaƙi, ana juya su daga wannan wuri zuwa wancan da iyalansu, ba su da ikon cewa za su koma gida. Allunan shekarun 467 da 466 sun kuma nuna cewa farashin hatsi ya ninka sau da yawa a yankin, alamar an shiga ƙarancin abinci a tsakiyar daular, ana cikin gini.

Ɓarakar cikin gida

Hirodotus ya rufe littafinsa da wani labari daga cikin gidan sarki. Zaksis ya nemi matar ƙanensa Masistis, ta ƙi. Sai ya aurar da 'yarta ga ɗansa Dariyus, daga baya kuma ya koma neman amaryar. Ya yi mata alkawarin duk abin da ta roƙa, ta roƙi alkyabbar da uwargidansa Amestris ta saƙa masa da hannunta. Da Amestris ta gane, sai ta ɗora laifin a kan uwar yarinyar, ta jira ranar bikin da al'ada ta hana sarki ƙin roƙo, ta nemi a ba ta matar, ta sa dogarai suka yi mata mummunar illa. Masistis ya nufi Baktiriya domin ya tayar da tawaye, aka tare shi a hanya aka kashe shi da 'ya'yansa. Labarin ya fito daga bakin Girkawa, amma a ƙasan Farisa rigar sarki alama ce ta sarauta, shi ya sa wasu masana ke ganin rikicin neman mulki ne tsakanin 'yan'uwa aka mayar da shi labarin kishi.

A watan Agusta na shekarar 465 aka kashe shi. Marubucin Girka Diyodorus ya ce shugaban dogaransa, wani Artabanus daban da baffansa, shi ne ya haɗa baki da ɗaya daga cikin babannin fada mai kula da ɗakin barcin sarki, aka shigar da shi da dare ya kashe ubangidansa. Sannan ya je wurin ƙaramin ɗan sarki, Artazaksis, ya ce masa yayansa Dariyus ne ya yi kisan. Aka kashe Dariyus, Artazaksis ya hau mulki, daga baya shi ma Artabanus ya rasa ransa. Aristotle ya kawo labarin a juye, cewa Artabanus ya fara kashe Dariyus ne sannan ya kashe sarkin don tsoron hukunci. Wani allon masu duban taurari na Babila kuwa ya rubuta a taƙaice cewa ɗan Zaksis ne ya kashe shi, ba tare da sunan ɗan ba. Wanda ya ci ribar kisan a fili yake: Artazaksis ya yi shekara 41 a kan gado.

Duk ruwayoyin sun haɗu a kan abu ɗaya, cewa hannun na cikin gida ne. Matakala da bijimai da dakalin jira an yi su ne domin tace baƙin da ke zuwa daga nesa, waɗanda suka kashe shi kuwa su ne masu ba da izinin shiga. A tsakiyar matakalar Apadana a dā akwai zanen sarki a kan gado, yarima a bayansa, manyan fadawa kewaye da su. Daga baya aka ciro shi aka kai baitulmali aka ajiye, inda masu tono suka same shi. Wasu masana suna danganta cire shi da wannan kisa. Ana kyautata zaton ɗaya daga cikin kaburbura huɗu da aka sassaƙa a dutsen Naqsh-e Rustam, kusa da Parsa, shi ne nasa.

Waɗanda suka biyo ta ƙofar

A shekarar 330 kafin Miladiyya Iskandar na Makidoniya, wanda kakan kakanninsa ya yi wa Mardoniyus aikin jakada, ya kama Parsa. Diyodorus ya ce dukiyar da aka samu a baitulmali ta kai talanti 120,000. Fulutak ya ce sai da alfadarai 20,000 da raƙuma 5,000 aka kwashe ta, ya kuma ruwaito cewa Iskandar ya tarar da wani mutum-mutumin Zaksis a yashe a ƙasa, ya tsaya yana tunanin ko ya sa a ɗaga shi, sannan ya wuce. Bayan 'yan watanni aka cinna wa fadar wuta, da sunan ramuwar ƙona Atina. Tokar da masu tono suka samu ta nuna cewa gine-ginen da ke da alaƙa da Zaksis suna cikin waɗanda wutar ta fi ci.

Bangon tubalin ƙofar ya narke da ruwan shekaru, ƙyamarenta na katako suka ɓace, duwatsun suka tsaya. Matafiya da jami'an gwamnatocin Turai da suka riƙa zuwa daga baya sun sassaƙa sunayensu a jikinsu. A cikinsu akwai ɗan jarida Henry Morton Stanley, wanda ya rubuta sunansa da na jaridarsa New York Herald da shekarar 1870, kafin ya tafi Kongo ya share wa Sarki Leopold na Beljiyam hanyar mallakar ƙasar.

A watan Oktoban 1971 Sarkin Iran Muhammad Reza Pahlavi ya gayyaci sarakuna da shugabannin duniya, ciki har da Haile Selassie na Habasha, domin bikin cika shekara 2,500 da kafa daular Farisa. An kafa musu birnin tantuna a gindin dandamalin, aka kawo abinci daga gidan cin abinci na Maxim's da ke Paris, sojoji suka yi fareti cikin shigar mayaƙan dā, jami'an tsaro kuma suka killace yankin daga talakawan ƙasar. Ayatullah Khomeini ya yi tir da bikin daga Najaf inda yake gudun hijira. A watan Janairun 1979 sarkin ya bar Iran bai sake komawa ba. A cikin wannan shekarar ce hukumar UNESCO ta sanya Parsa cikin wuraren tarihi na duniya.

Yau masu ziyara suna hawa matakalar nan mai taki 111, su bi ta tsakanin bijiman da fuskokinsu suka lalace. Rubutun Zaksis yana nan a sama, cikin harsuna uku, yana faɗin abin da ya gina. Sunayen al'umman da suka sassaƙa dutsen, da mudun sha'ir ɗin da aka auna musu, sai a allunan yumɓun da aka tono daga baitulmali da ganuwar fadar.